Martani: Zayyanar Alƙur'ananmu Ba Ta Gaza Littattafan Farankawa Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan littattafan da aka ƙawata a zamanin Farankawa, mutanen da suka mallaki yankin da yau ya zama Faransa da Beljiyam da Holan da yammacin Jamus. Rabin farko na rubutun ya yi kyau, kuma na ƙaru da shi. Inda muka raba hanya da Malam shi ne rabi na biyu, wurin da ya juyo gida ya yanke mana hukunci. A taƙaice, ya ce ƙasar Hausa ba ta taɓa samar da littafin da za a ajiye kusa da waɗancan ba. Hujjojinsa huɗu ne: littattafanmu babu zinariya, babu hotuna, ba su daɗe a duniya ba, kuma ba a san waɗanda suka yi su ba. Daga nan ya mayar da zayyanar Alƙur'ani wasan almajirai, ya kuma ba da shawarar a daina ɓata lokaci wajen rubuta Alƙur'ani da hannu tunda ga injin buga littafi. Ni mutumin Jega ne, na tashi a cikin gidajen da ake rataye irin waɗannan Alƙur'anai a gafaka, saboda haka shiru bai kamace ni ba.

Zan fara da ba kowa haƙƙinsa. Littattafan Farankawa sun cancanci yabon da Malam ya yi musu. Tsakanin 781 da 783 wani marubuci mai suna Godeskalk ya rubuta wa Sarki Sharlaman da matarsa Hildegad littafin karatun Linjila da ruwan zinariya da na azurfa, a kan fatar da aka rina shunayya, kuma har yau yana nan a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris. Linjilar Lorsh, wadda aka yi wajen 810, an yi mata bango da sassaƙaƙƙen hauren giwa. A birnin Tur an shirya wani babban Baibul aka miƙa wa Sarki Sharlas Mai Sanƙo, jikan Sharlaman, wajen 845. A 870 kuma aka kammala wata Linjilar zinariya da ke ajiye a Munik ta Jamus, bangonta cike da duwatsu masu daraja. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya littattafai 10 na fadar Sharlaman cikin kundin abubuwan tarihin da duniya za ta riƙa tunawa da su. Duk wanda ya san wahalar alƙalami zai girmama hannayen da suka yi wannan aiki. Rigimata da Malam a kan ma'auni take. Kowane kaya da abin da ake auna shi, ba a cinikin albasar Aliero da mudun gero.

Mu ɗauki zinariya. Cikin littattafan Farankawa, wanda masana suka fi yawan magana a kansa shi ne Zaburar Utrek, wadda aka yi kusa da birnin Rems a farkon ƙarni na 9. Zane-zanenta 166 da tawada ruwan ƙasa kawai aka yi su, da bakin alƙalami, kuma su ne suka sa masu zane a Ingila suka yi ta kwaikwayonta har tsawon shekaru kusan 200. Ke nan ko a can, gwanintar hannu ita ce ta ɗaga littafi, zinariya kuwa tana nuna nauyin aljihun wanda ya sa a yi aikin. Musulmi ma sun yi rubutun zinariya. Shuɗin Alƙur'anin nan da aka daɗe ana ajiyarsa a Ƙairawan ta Tunisiya, wanda ake kirdadon an yi shi a ƙarni na 9 ko na 10, da zinariya aka rubuta shi a kan fatar da aka rina da baba. Yammacin Afirka kuwa ita ce ta ɗauki ƙarnoni tana ciyar da Arewacin Afirka da Turai da zinariya, kowa ya san labarin hajjin Mansa Musa a 1324. Abin da ya kamata Malam ya duba shi ne fiƙihun da malamanmu suka tashi a kai. Masu sharhin Muhtasar na Halilu sun halatta a yi wa bangon mus'hafi ado da zinariya ko azurfa don girmamawa, amma sun karhanta a rubuta cikinsa da su, saboda kada ƙyalli ya ɗauke hankalin mai karatu daga ma'ana. Har akwai waɗanda suka yi taka-tsantsan da yawaita ja a alamomi. Mutanen da suka karanta wannan a zaure tun suna samari, ba za a yi mamaki ba idan suka tsaya a kan baƙi da ja da rawaya da kore.

Sai batun hotuna, kuma a nan ne Malam ya fi ba ni mamaki, domin amsar tana cikin tarihin Farankawan da kansa. Bayan taron limaman Kirista da aka yi a Nikiya a 787, wanda ya amince da girmama hotunan tsarkaka, fadar Sharlaman ta sa an rubuta doguwar raddi a farkon shekarun 790. Wanda masana suka jingina wa rubutun shi ne Tiyodulf, babban limamin birnin Orleyan. Baibul ɗin da aka yi a ƙarƙashin kulawarsa suna nan har yau, an ƙawata su da ginshiƙai da bakuna da launuka, babu hoton mutum a cikinsu, kuma ana lissafa su cikin manyan littattafan zamanin. A ɓangaren Musulunci kuwa, tun daga Andalus har Indonesiya babu inda aka saba zana mai rai a cikin mus'hafi. Idan hoto ne sharaɗin fasaha, to manyan Alƙur'anan sarakunan Mamluk na Alƙahira da na Daular Usmaniyya a Santambul duk sun faɗi jarrabawa tare da namu, alhali gidajen tarihi na duniya suna alfahari da mallakar ko da warƙa ɗaya daga cikinsu.

Ina so Malam ya zauna a tabarma a buɗe masa tsohon Alƙur'ani ɗaya. Za a fara kwance igiyar gafaka, a zaro tadarishi, wato bangon fata mai lulluɓi, sai ga warƙoƙi a jere, ba a ɗinke su ba. A ƙasan bayan kowace warƙa an rubuta kalmar da za ta fara ta gaba, don kada su rikice idan an raba wa almajirai da yawa suna karatu a lokaci guda. Baƙaƙen kauri gare su, sun zauna daram a kan layi. Fa tana da ɗigonta a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda mutanen Magrib suke yi. Wasula duk da ja aka sa su. Hamzar da ake furtawa ɗigo ce ta rawaya, alifin da ake sadarwa an ɗora masa ɗigon kore, ga kuma yamala a ƙarƙashin harafi inda ruwayar Warshu take karkatar da wasali. Ƙarshen kowace aya ƙananan da'irori uku ne, biyu a ƙasa ɗaya a sama, an cika su da rawaya. Aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi akwai alamar sumuni da ta rubu'i da ta nusufi, sannan babbar da'irar izu, wadda sau da yawa za ka bi izu 60 ba ka sami biyu iri ɗaya ba. Wuraren sujada 11 na mazhabar Malikiyya kowanne da tambarinsa.

Wannan tsari yana da asali a littafi. Abu Amr Addani, malamin ƙira'a da aka haifa a Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1053, ya bayyana a littafinsa Almuhkam cewa mutanen Madina suna sa wasula da ja, hamza da rawaya, mutanen Andalus kuma suna ƙara kore wajen alifin sadarwa. Abin da ya siffanta kusan shekaru dubu da suka wuce shi ne alaramma yake yi yau a Jega da Gwandu da Kano da Maiduguri. Injinan buga littafi na farko sun sa an koma launi ɗaya a wurare da yawa saboda sauƙi da araha, mu kuwa muka riƙe launukan. Kowane launi a shafin nan hukuncin karatu ne. Yaron da ya ga ja ya san wasali ne, ya ga kore ya san zai sadar. Ado da koyarwa sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wannan shi ne abin da Malam ya kira wasa.

Akwai kuma zayyana mai cin shafi ko rabinsa, wadda ake sanyawa a kan rubu'ai huɗu na Alƙur'ani: a farko wajen Fatiha da Baƙara, sai farkon A'arafi, sai Maryam, sai Sad. A nan mai zayyana yake sakin hannunsa. Murabba'i cikin murabba'i, igiyoyi masu saƙa suna shiga ƙarƙashin juna suna fita, ja da rawaya suna karɓa-karɓa, baƙi yana tsare iyaka. Wanda ya san ɗinkin babbar riga, ko aikin dukawa a kan jaka da matashi, ko zanen da magina ke yi a fuskar soro a Zariya da Kano, zai gane dangin wannan zane nan take. Masana a Turai suna rubuta littattafai a kan yadda adon ƙarfe da na saƙa na mutanen arewacin Turai ya shiga shafukan littattafan addininsu, suna kiran hakan alamar fasaha mai tushe a ƙasarta. Abin da ya faru a wurinmu ke nan. Alƙur'ani ya zo daga gabas da arewa, hannun da ya ƙawata shi kuwa na ƙasar nan ne, wanda duk ya gan shi a Landan ko Alƙahira zai ce wannan daga Barno ko ƙasar Hausa ya fito.

Malam bai ce komai ba a kan yadda ake rubutun, alhali nan ne ƙashin bayan maganar. A 789 Sharlaman ya fitar da doka yana kukan cewa littattafan ibada sun cika da kurakurai, ya umarta a gyara su, kuma kada a bar wa yara kwafar Linjila da Zabura, sai manyan mutane masu natsuwa. Ya kawo Alkuwin daga birnin Yok na Ingila, wanda ya shugabanci gidan ibada na Tur daga 796 har rasuwarsa a 804, domin a tsabtace nassi. Ashe babbar damuwar fadar ita ce ingancin rubutu, ado ya biyo baya. To marubucin Tur yana da littafi buɗe a gabansa yana kwafa. Alaramman tsangaya kuwa, a al'adar Barno da ƙasar Hausa, da ka yake rubuta ayoyi 6,214 na ƙidayar Madina, ba ya duba wani mus'hafi. Sai ya kiyaye inda aka jefar da alif da inda aka tabbatar da shi, inda ta take a buɗe da inda take a ɗaure. Gwanaye suna ƙara harji a gefe, suna nuna sau nawa kalma kaza ta zo da siffa kaza da wuraren da ta zo. Idan ya gama sai a kai wa wasu gwanayen su bi shi baƙi bayan baƙi. Daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har mutum ya kai a kira shi alaramma ko gwani, shekaru ne masu yawa na tilawa cikin dare da sanyin asuba. Ban san wani ma'aunin da za a ɗora wannan a kai ya fito da rashin nauyi ba.

Kayan aikin ma abin dubawa ne. Tawadar allo daban, ta takarda daban. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yin ta don ta wanku. Ta takarda, wato yambari, 'ya'yan bagaruwa ake dakawa a jiƙa ko a dafa tare da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro. Ɗacin bagaruwa ne yake haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin da ke kama takarda ya ƙi fita, kuma irin wannan haɗi na ɗacin itace da ƙarfe shi ne tawadar da Turai ta yi ƙarnoni tana rubutu da ita. Alƙalami daga gamba ko kara ake feƙe shi, na baƙi daban, na wasali daban. Takarda ce kaɗai ake jira daga nesa. Idan ka ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani ta fuskanci rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Wannan tambarin masana'antun arewa maso gabashin Italiya ne, irin na gidan Galbani, kuma ta Tarabulus take biyo ayari ta keto Sahara zuwa Kano, daga can ta bazu a kasuwannin daula. Baibul ɗaya na Tur yana cin fatun dabbobi fiye da 200, abin da sai sarki ko gidan ibada mai garke zai iya. Namu malamin da kuɗin guminsa yake sayen takardar da ta yi tafiyar watanni a bayan raƙumi, ya rubuta da rani, ya koma gona da damina.

Hujja ta uku ita ce shekaru. Gaskiya ne ba mu da littafin ƙarni na 8 ko na 9. Amma fata da takarda ba ɗaya ba ne wajen juriya, haka ɗakin dutse a ƙasa mai sanyi da ɗakin ƙasa a inda gara da damina da gobarar hunturu suke. Duk da haka abin da ya tsira ya isa shaida. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature mai suna Bivar ya ɗauki hoton tsofaffin Alƙur'anai huɗu a Barno, ɗaya yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669, da fassara cikin tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Rubutun da ke cikinsu ya riga ya nuna, wanda ke nufin an daɗe ana yin sa kafin wannan shekara. Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, sun tarar akwai Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da hadisi. Turawan Birtaniya na ayarin Denham da Clapperton, da suka zo a shekarun 1820, sun rubuta cewa ana fitar da Alƙur'anan Barno zuwa Arewacin Afirka da Masar ana sayarwa da tsada. Ƙasashen da suka ba mu rubutu sun dawo suna sayen namu.

A nan yankinmu ma ba baƙi ba ne mu a harkar littafi. Gimbana, garin da Malam Abdussalami ya zauna da jama'arsa, wanda harin da Gobirawa suka kai masa ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, yana nan kusa da mu, kuma a lokacin taron malamai da almajirai ne. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajen 1820, garin ya zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu. A 1816 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kammala tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka yi ta kwafa da hannu kusan shekaru 150 kafin a buga shi a Alƙahira a 1961. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, wani malami ya ara masa littafin Tarihus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ta wannan kwafi na Gwandu ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai dalla-dalla. Wani abin lura kuma, ɗakin karatun Paris da ke riƙe da littafin Godeskalk shi ne ke riƙe da littattafan gidan Alhaji Umaru Futi da sojojin Faransa suka kwashe daga Segu a 1890, kuma a cikinsu akwai rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello. Littattafan da Malam ya ce ba za a ajiye su kusa da na Farankawa ba, sun fi shekara ɗari suna kwana da su a gida ɗaya.

Hujja ta huɗu, wai ba a san masu aikin ba. Da Malam ya juya warƙar ƙarshe da ya ga amsa. A nan marubuci yakan yi hamdala, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da sunan wanda ya sa shi aikin da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Waɗansu sun ɓoye sunansu da gangan don neman lada, kuma haka abin yake a can, domin in ka cire irin su Godeskalk, yawancin masu zanen Farankawa ba a san sunayensu ba, har da waɗanda suka zana Zaburar Utrek. A zamaninmu akwai Sharif Bala Gabari na Kano, wanda ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa sau da yawa, aka ɗauki hoton rubutunsa aka buga, ya shiga makarantun allo a faɗin Arewa da maƙwabta, har masana daga jami'o'in waje suka yi nazari a kansa. Yara da yawa a Jega da Aliero da Maiyama sun yi sauka da irin wannan bugu ba tare da sun san hannun wa suke karantawa ba. Laifin rashin sanin namu ne da ba mu koya musu ba.

Wannan ya kawo ni ga shawararsa ta a bar rubutun hannu saboda inji. Inji bai taɓa rubuta Alƙur'ani ba. Mus'hafin Madina da ke kowane masallaci, wanda ma'aikatar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 take bugawa, hannun Usman Ɗaha ne, mutumin Siriya, ya rubuta shi shafi bayan shafi sannan aka ɗauki hoto. Ranar da aka rasa masu rubutu, inji zai ci gaba da maimaita hannun mamata ne kawai. Ban da haka, rubutu a tsangaya hanyar hadda ce. Wanda ya rubuta aya da ka, aka duba masa, ya gyara, ta zauna masa zaman da kallo kaɗai ba ya bayarwa. Ina goyon bayan ɗan tsangaya ya koyi boko da sana'a, ya daina yawon bara, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma a raba shi da alƙalami da sunan ci gaba, asara ce za a ƙara masa a kan wadda yake ciki.

Akwai inda Malam ya taɓo gaskiya, ko da yake ya ba ta sunan da ba nata ba. Abin da Farankawa suka fi mu shi ne adana. Gidan ibada na Raishenau ya rubuta jerin littattafansa tun wajen 821, sama da 400. Littattafan ƙarni na 9 da suka tsira daga daular sun kai kimanin 7,000, kuma kusan kowanne an san inda yake da lambarsa. Su ma sun sha wahala: an wawushe Linjilar Lorsh a yaƙin 1622, yau rabinta yana Batikan, rabi yana Romaniya, bango ɗaya yana Landan. Amma saboda akwai rajista, an san yadda za a haɗa labarinta. Mu kuwa, malami zai rasu, a zo rabon gado, a raba warƙoƙin littafi ɗaya tsakanin magada, ko a tura gafaka cikin tsohon adaka a ɗakin da ke yoyo. Wani ya sayar wa dillalin kayan tarihi a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Ambaliyar 2020 da ta yi wa jihar Kebbi ɓarna an ƙidaya gonaki da gidajen da ta ci, littattafan da suka jiƙe kuwa sai masu su. Yau kuma wasu masu zayyana sun koma alƙalamin kanti mai launi da takarda marar ƙwari, aikin da zai koɗe kafin mai shi ya tsufa. Wannan ita ce matsalar da ta cancanci maƙala.

Maganinta kuwa yana hannunmu. Akwai wuraren da suka riga suka san aikin: Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na jami'ar Yamai. Ina kira ga masarautar Gwandu, da Sarkin Kabin Jega, da hakiman Aliero da Maiyama, su sa a bi gidajen malamai a rubuta abin da ke akwai: sunan littafi, wanda ya rubuta, shekara, yawan warƙoƙi, da halin da yake ciki. Kada a karɓe wa kowa littafinsa, domin tsoron haka ne yake sa mutane ɓoyewa. A ɗauki hotonsa a gaban mai shi, a ba shi kwafi, a bar masa kayansa tare da akwatin da gara ba ta shiga. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗalibai masu ilimin kwamfuta da na sinadarai, su ne ya kamata su riƙe hotunan, su kuma binciki yambari da launukan da kakanninmu suka haɗa. Masu shirya musabaƙa su ware kyauta ta rubutu da zayyana kusa da ta hadda. Attajiran da ke gina masallatai su sa alaramma ya rubuta musu Alƙur'ani da tawadar gargajiya a kan takarda mai kyau, su biya shi kuɗin da zai riƙe iyalinsa har ya gama, domin Godeskalk ma sai da sarki ya ɗauki nauyinsa.

Shi kuma ɗan'uwana marubuci, ina gayyatarsa Jega. Gani ya kori ji. Ya zo a buɗe masa gafaka, ya yi wa shafi ɗaya irin kallon natsuwar da ya yi wa littattafan Paris da Munik, sannan ya sake ɗaukar alƙalami. Mai ilimi irinsa muke buƙata a wannan aiki, kuma duk wanda ke da tsohon littafi a ɗaki, ya duba shi tun kafin damina mai zuwa. Allah ya jiƙan malamanmu da suka rubuta, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.